Yadda na bi diddigin wata motar dizal daga Amurka har zuwa Berger

Sana'ata dillancin motoci ce, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tin Can bayan an more su a ƙasashen waje, waɗanda a Legas ake kira tokumbo. Abubuwan da muka saba dubawa kafin ciniki sanannu ne ga duk wanda ke cikin harkar: lafiyar inji da giya, ƙafar mota, ko ta taɓa yin haɗari, ko ambaliya ta taɓa shanye ta, sai kuma takardun kwastan. Hayaƙin da ke fita daga salansa ba ya shiga lissafinmu matuƙar bai yi baƙin da mai saye zai lura da shi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu zuwa wurina suka koma tambayar yawan shan mai kafin su tambayi komai, kuma ƙananan motoci masu amfani da dizal, waɗanda a da ba mu cika waiwayarsu ba, suka fara samun masu nema a cikin mutanenmu da ke yawan zirga-zirga tsakanin Legas da Arewa.

Wani Alhaji mai harkar shanu a Agege, wanda na daɗe ina yi wa hidima, shi ne ya sa ni in nemo masa irin wannan mota. Na samo Volkswagen Passat ƙirar 2013, mai injin dizal da ake kira TDI, a hannun wani abokin sana'a a kasuwar motoci ta Berger, tsaf da ita ciki da waje, kuma farashinta bai yi tsanani ba. Ranar da muka je ganinta Alhaji ya taho da babban ɗansa wanda ya karanta injiniyanci, kuma bayan ya zagaya motar sai ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce, "Kawu, kafin Baba ya ba da kafin alƙalami, ina roƙon a bincika mana abu biyu. Na farko, ko tana cikin motocin da aka kama da maguɗin gwajin hayaƙi a Amurka. Na biyu, idan tana ciki, ko an gyara ta kafin ta baro can." Alhaji ya ce abin da yaron ya faɗa shi ne sharaɗinsa, ni kuma na ɗauki nauyin binciken, domin la'adata ba za ta halatta gare ni ba idan na haɗa shi da kaya mai aibin da ban bayyana ba.

Labarin da yaron ke nufi ya fito fili ne ranar 18 ga Satumbar 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sanar da cewa Volkswagen ya saka wata manhaja a ƙwaƙwalwar motocinsa na dizal ƙirar 2009 zuwa 2015, wadda aikinta shi ne ta gane lokacin da ake gwada motar. A ɗakin gwaji ana ɗora tayoyin mota ne a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a tuƙa ta bisa wani tsarin gudu da kowane kamfani ya sani, sitiyari kuma ba ya motsi ko kaɗan tun da ba kwana za a sha ba. Da zarar manhajar ta ga waɗannan alamu sai ta kunna dukkan na'urorin tace hayaƙi, motar ta ci jarrabawa. Idan aka hau titi sai ta sassauta su, domin a samu ƙarfin inji da sauƙin shan mai da aka yi wa masu saye alkawari, iskar nan mai guba da ake kira NOx kuma ta riƙa fita har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Tauye mudu ne ƙarara, irin na ɗan kasuwar da ya ajiye cikakken mudu domin ranar da hukuma za ta zagayo, ya kuma ɓoye wani mai lotsattsen gindi domin masu saye. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne a duniya ke ɗauke da manhajar, kimanin 500,000 daga ciki a Amurka, kuma shugabansa Martin Winterkorn ya ajiye aiki ranar 23 ga watan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda asirin ya tonu. Wata ƙungiya mai zaman kanta, ICCT, ita ce ta ba wasu masu bincike na Jami'ar West Virginia aiki da ɗan kuɗi kaɗan, suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a but ɗin motoci uku, Jetta da Passat da BMW X5, suka shiga titunan yammacin Amurka kamar kowane direba. Rahotonsu na Mayun 2014 ya nuna Jetta ta wuce ƙa'ida ninki 15 zuwa 35, Passat ninki 5 zuwa 20, alhali BMW ɗin galibi tana cikin ƙa'ida. Kamfanin ya shafe fiye da shekara yana kawo wa hukumomi uzurori na fasaha, har ya kira motoci gyara a ƙarshen 2014 ba tare da matsalar ta kau ba, sai da aka yi barazanar hana shi lasisin sayar da motocinsa na dizal ƙirar 2016 sannan ya amsa laifi. Wannan kamfani ba baƙo ba ne a gare mu a Legas, tun da masana'antarsa ta harhaɗa motoci da aka buɗe a Ojo a shekarun 1970 ita ce ta bar wa tashar Volks sunanta, kusa da Alaba Rago inda 'yan uwanmu suke, kuma yawancin danfo da muke hawa ƙirarsa ce.

Matakin farko na bincikena shi ne lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma a jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa. Na kwafe su daga wuraren biyu, na gwada da na takardun kwastan, duka suka zo ɗaya. Lambar ta fara da 1VW, wato an ƙera motar a masana'antar Chattanooga da ke jihar Tennessee, harafi na goma kuma D ne, wanda ke tabbatar da shekarar 2013. Da wannan kaɗai amsar tambaya ta farko ta samu, domin Passat mai dizal ta wannan shekara tana cikin jerin da hukumar ta fitar.

Tambaya ta biyu ita ce ta buƙaci kashe kuɗi. Na sayi rahoton tarihin motar ta intanet, irin wanda muke saya idan muna son sanin ko an murɗa lambar tafiya, sai dai wannan karon na zauna na karanta shi layi bayan layi tare da ɗan Alhaji. Rahoton ya nuna cewa mai motar na farko ya mayar wa kamfani da ita a 2017, daga nan ta yi dogon zama lambar tafiyarta ba ta motsa ba, sannan aka rubuta cewa an yi mata gyaran hayaƙi, aka yi gwanjonta, wani ya saya ya yi amfani da ita har ya buge mata gefe, kamfanin inshora ya sake gwanjonta, ta hau jirgin ruwa. Wannan dogon zaman yana da asali. A yarjejeniyar dala biliyan 14.7 da kamfanin ya ƙulla da hukumomin Amurka da masu motocin a Yunin 2016, wadda alƙali Charles Breyer na San Francisco ya amince da ita a Oktoba, an ware kimanin biliyan 10 domin sayen motocin daga hannun masu su da biyansu diyya, biliyan 2.7 domin ayyukan rage gurɓatar iska, biliyan 2 kuma domin bunƙasa motocin lantarki. Motoci kusan 350,000 kamfanin ya karɓa, ya jere su a filaye 37, har da hamadar Victorville a Kalifoniya da harabar wani tsohon filin wasa a Michigan. Yarjejeniyar ta kuma hana shi sake sayar da su ko fitar da su zuwa wata ƙasa sai bayan an yi musu gyaran da hukuma ta amince da shi, kuma a ganina wannan sharaɗi ya kāre ƙasashe irin tamu fiye da yadda muka sani, domin da babu shi da tashoshinmu ne za su fara karɓar su yadda suke. Sai dai an ɗora wa kamfanin karɓa ko gyara kashi 85 cikin ɗari na motocin ne kafin ƙarshen Yunin 2019, saboda haka wanda ya riƙe motarsa bai kai ta gyara ba yana iya sayar da ita, ta kuma iso nan, shi ya sa duba kowace mota da lambarta ya zama dole.

Na koma Berger na ɗaga bonet, na samu takardar shaidar gyaran manne a cikinsa, ta ɗan dafe da zafi amma rubutun yana karantuwa. A nan na so in rufe bincike, sai ɗan Alhaji ya ce takarda tana ba da labarin ranar da aka manna ta ne, a duba abin da ke ƙarƙashin motar yau.

Na ɗauko wani matashi ɗan Zariya da ke aikin wayar mota da kwamfuta a kusa da kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce babu wata alamar matsala ko ɗaya, kuma wannan tsabtar ce ta sa shi shakka. Ya buɗe shafin da ke nuna yawan toka da baƙin hayaƙin da ya taru a matatar salansa, ya ga sifili, ya taka totur ya jira, lambar ba ta motsa ba. Daga nan ya nemo inda ake zuba AdBlue, ruwan nan mai sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da ake fesawa cikin salansa domin ya mayar da NOx iska marar illa, ya tarar da tankin a bushe, bakinsa ya yi farin gishiri-gishiri. Ya ce mini, "Yallaɓai, lafiyayyar mota irin wannan idan ruwan nan ya kusa ƙarewa sai ta yi ta gargaɗi, idan ya ƙare kuma aka kashe ta ba za ta sake tashi ba. Wannan tana tashi lafiya lau da busasshen tanki, ke nan an taɓa ƙwaƙwalwarta." Muka kai ta kan rami muka shiga da tocila. A jikin tulun matatar akwai sabon layin walda da aka shafe da baƙin fenti, ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya yi ƙarar fanko. Da muka fito ya zura farin ƙyalle a bakin salansa, ya fito baƙi ƙirin, alhali motar da matatarta ke aiki bakin salansarta kusan fes yake zama.

Abin da ya faru ke nan: an gyara motar a Amurka bisa umarnin kotu, sannan a wani wuri tsakanin filin gwanjo da Berger wani ya yanke tulun, ya kwashe abin da ke ciki, ya toshe hanyar AdBlue, ya sake rubuta manhajar domin kada fitilar gargaɗi ta kama. Abokin sana'ar da motar ke hannunsa ya rantse mini cewa haka ya karɓe ta, ban kuma da hujjar ƙaryata shi, amma bai ga abin damuwa a ciki ba. Ya ce kowa haka yake yi, domin man gas ɗinmu ne ke toshe matatar, cunkoson Legas kuma ba ya barin inji ya yi zafin da zai ƙone tokar da ta taru, ga shi abin da ke cikin katalis, wato tulun da ke tace hayaƙi a salansa, wanda makanikai ke kira indomi, kuɗi ne a hannu saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke jikinsa. Maganarsa kan man gas ɗinmu tana da ƙamshin gaskiya. An ƙera waɗannan injina ne domin dizal ɗin da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba a Amurka, ko 10 a Turai, mu kuwa mun daɗe ƙa'idarmu tana kan 3,000, kuma rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya fallasa yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa ƙazamin dizal musamman domin Afirka ta Yamma. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da saukowa zuwa 50. Duk da haka na gaya masa cewa manhajar da ke sa mota ta nuna lafiya alhali an kashe matatarta ba ta da bambanci da wadda aka ci kamfanin tarar biliyoyi a kanta, illa dai tasu an rubuta ta a Jamus, tamu kuma a gindin rumfa.

Na kai wa Alhaji rahoto kamar yadda na gani. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, motar tana da lafiyar tafiya, amma tana fitar da guba fiye da ranar da aka kama kamfanin, domin a lokacin aƙalla matatar baƙin hayaƙi tana ciki." Ya tambaye ni wa abin zai cutar, tun da gilashi a rufe yake tafiya. Ɗansa ya amsa cewa NOx da ƙurar dizal suna tayar da asma, suna lalata huhu da jijiyoyin jini, kuma masu shaƙarsu su ne waɗanda ke tsaye daidai bakin salansa: masu talla a cikin cunkoso, 'yan acaba, masu shayi a bakin titi, 'yan dako a Mile 12 da Apapa, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne da suka zo ci-rani. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018 kaɗai, kashi 60 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya sanya motoci a sahun gaba na masu jawo ta. Alhaji ya ce a rage farashi gwargwadon kuɗin gyara, a mayar da duk abin da aka cire, in ba haka ba ya fasa. Bayan ja-in-ja mai motar ya sallama.

Gyaran ya fi binciken wahala. A Ladipo akwai tulun matata birjik, amma da yawa an riga an kwashe cikinsu an mayar da walda, saboda haka sai da muka riƙa ɗaga kowanne mu ji nauyinsa, mu haska tocila ta baki mu ga ƙananan ramukan cikin a jere ba su fashe ba, kafin muka samu cikakke da aka ciro daga motar da ta yi haɗari. Matashin ya wanke famfon AdBlue, ya canja na'urar da ke auna NOx, ya mayar da manhajar asali, muka sayo ruwan a jarka wurin masu sayar wa manyan motocin zamani. Garantin da yarjejeniyar ta tanada wa motocin da aka gyara a wurin dillalan Amurka ake cin moriyarsa, domin kotun Amurka ce ta tsara shi saboda masu saye na can, don haka komai daga cikin ragin da muka samu aka biya. Da muka hau babbar hanyar Ibadan inji ya ɗauki zafi, sai lambar tokar ta fara hawa da sauka a kan na'ura kamar yadda ya kamata.

Mataki na ƙarshe shi ne cibiyar duba lafiyar mota da kwamfuta, domin karɓar takardar cancantar hawa titi. Ma'aikatan sun yi aikinsu yadda aka tsara musu, suka gwada birki da fitilu da ƙafa, suka zura bututun awo a salansa, motar ta wuce. Wannan gwaji yana da amfani wajen kama motar da ke tuƙa baƙin hayaƙi, amma gwaji ne na mota a tsaye, a wurin da aka sani da lokacin da aka sani, kuma ɗakunan gwajin Amurka da suka fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba an yaudare su shekara shida. Darasin da Turai ta ɗauka shi ne ta wajabta auna hayaƙi a kan titi ga sababbin ƙirar motoci tun daga Satumbar 2017.

Da na bi lissafin wanda ya biya da wanda aka ɗaure, sai na ga hukuncin ya bi ƙarfin dokar kowace ƙasa. A Amurka kamfanin ya amsa laifi a gaban kotu a 2017 tare da ƙarin tarar dala biliyan 4.3, aka ɗaure injiniya James Liang wata 40, aka ɗaure Oliver Schmidt shekara 7 bayan an kama shi a Miami. A Jamus an ci Volkswagen tarar yuro biliyan 1 a 2018, Audi miliyan 800, amma masu motoci sai da suka yi ta shari'a har 2020 kafin babbar kotu ta tabbatar musu da haƙƙin diyya, kuma abin da suka samu bai kama ƙafar na Amurkawa ba. Tsohon shugaban Audi, Rupert Stadler, ya samu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a 2023, shari'ar Winterkorn kuwa sai a Satumbar 2024 aka fara ta, aka kuma dakatar saboda rashin lafiyarsa. Ban ga adalci a cikin tsarin da na ƙasa ke kwana a kurkuku na sama yana gida ba. Jimillar abin da badaƙalar ta ci wa kamfanin ta haura yuro biliyan 30, kuma ba shi kaɗai ba ne, domin Daimler da Fiat Chrysler sun biya nasu, Cummins ya amince da tarar dala biliyan 1.675 a ƙarshen 2023, Hino kuma kimanin biliyan 1.6 a farkon 2025.

Mu kuwa muna ƙarshen layi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsofaffin motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, Najeriya kuma tana cikin manyan masu karɓa. Dokoki muna da su, tun daga ƙa'idar 2011 ta hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, kan hayaƙin motoci har zuwa dokar kare masu saye da ta kafa FCCPC, kuma kwastan sun riga sun koma amfani da lambar shasi wajen ƙididdige haraji. Abin da nake ganin ya rage shi ne a yi amfani da wannan lamba a tashar jirgi a duba ko motar tana da kiran gyaran da ba a yi ba, a duba ko matatarta tana ciki kafin ta fita, a kuma samar wa jami'o'inmu irin na'urar da masu binciken West Virginia suka ɗaura a but, su shiga titin Ikorodu da ita su wallafa abin da suka samu.

A nawa ɓangaren, yanzu ina rubutawa a rasit ko katalis da matatar mota suna nan ko an cire, mai saye ya sa hannu bayan ya gani da idonsa. Na kai maganar zaman dillalai 'yan uwana, wasu suka ce zai karya farashin kayan da ke hannunsu, wasu suka ce mai saye ya fi yarda da wanda ya nuna masa ƙarƙashin mota. Dattijon da ke jagorantar zaman ya yanke cewa a zama na gaba in zo da matashin nan ɗan Zariya da na'urarsa, a gwada motoci daga rumfunan waɗanda suka yarda, sannan a tsayar da ko rubutun zai zama ƙa'ida a tsakaninmu.